BABI NA BIYU: TARIHIN NA'URORI MASU KOYO DAGA YANAR GIZO DA RABON ƘASAR GUMEL A CIKINSA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin yadda aka faro ƙoƙarin sa na'ura mai ƙwaƙwalwa ta riƙa karanta rubuce-rubucen da ke yanar gizo da kanta, tana tsintar bayanai tana tarawa, har ta kai matsayin da mutum zai yi mata tambaya ta ba shi amsa. Za a duba lokacin da harshen Hausa ya shiga wannan fage, da ƙofar da ya shiga ta cikinta. Daga nan sai a auna abin da irin waɗannan na'urori za su iya sani game da ƙasar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, waɗanda ke arewacin Jihar Jigawa. Dalilin yin haka shi ne, a yau ɗalibai da yawa sukan fara tambayar wayar hannunsu tarihin garinsu kafin su je wurin dattijo ko laburare. Ke nan ya zama wajibi a san inda na'urar ta yi karatu, da kuma waɗanda suka rubuta abin da ta karanta.

2.1 Daga Ɗura Wa Na'ura Sani Zuwa Barin Ta Ta Yi Karatu

Tun kafin a sami yanar gizo masana suke neman hanyar da kwamfuta za ta mallaki irin sanin da kowane mutum yake da shi ba tare da ya je makaranta ba, kamar sanin cewa ruwa yana jiƙa tufa, ko uba ya girmi ɗansa. A shekarar 1984 wani masani Ba'amurke mai suna Douglas Lenat ya fara wani aiki da aka kira Cyc a Jihar Texas. Hanyar da ya bi ita ce ta ɗaukar ma'aikata su zauna suna shigar wa na'ura bayanai da ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya da hannu. An shafe shekaru masu yawa ana wannan aiki, kuma abin da ya fito fili shi ne sanin ɗan Adam ya fi ƙarfin a ɗura shi da cokali.

Bayyanar yanar gizo ita ta sauya tunani. Tim Berners-Lee ya gabatar da ita ga jama'a a watan Agusta na 1991, wato a cikin watan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano. Cikin 'yan shekaru sai ga miliyoyin shafuna, kowa yana rubuta abin da ya sani. Sai masana suka ce, tun da mutane sun riga sun rubuta, me zai hana a koya wa na'ura ta karanta? A 1992 Marti Hearst ta nuna cewa akwai wasu sigogin jimla da ke fallasa dangantakar kalmomi. Alal misali, idan na'ura ta ga an rubuta "amfanin gona kamar su gero da dawa da riɗi", za ta iya ɗauka cewa gero nau'in amfanin gona ne, ko da ba ta taɓa ganin gona ba. A 1998 Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Google, ya gwada irin wannan dabara wajen tsintar sunayen littattafai da na marubutansu daga shafunan yanar gizo, inda ya fara da misalai 'yan kaɗan, na'urar ta nemo sauran.

2.2 NELL

Aikin da ya fi fito da wannan manufa sarari shi ne wanda Tom Mitchell da abokan aikinsa suka ƙaddamar a Jami'ar Carnegie Mellon da ke Amurka a watan Janairu na 2010. Sun sa wa manhajar suna NELL, sunan da ke nufin mai koyon harshe ba tsayawa. An ba ta jerin rukunoni, kamar garuruwa da 'yan wasa da kamfanoni da cututtuka, kowane rukuni da misalai goma sha wani abu. Sai aka bar ta dare da rana tana bin ɗaruruwan miliyoyin shafuna. Idan ta lura cewa kalmomin "magajin garin" sukan zo kafin sunan gari, sai ta riƙe wannan siga, ta nemo sababbin garuruwa da ita, sababbin garuruwan kuma su kai ta ga wasu sigogin. Kowane bayani da ta ajiye tana ba shi maki gwargwadon yadda ta amince da shi. A rahoton da suka buga a 2018, masu aikin sun ce ta tara bayanai kimanin miliyan 120, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu suka kai matsayin waɗanda ta amince da su sosai.

Akwai wani kuskure da NELL ta yi wanda ya shahara, kuma yana da muhimmanci ga wannan nazari. A Turanci akwai kalma guda da ake kiran wani nau'in biskit da ita, kuma da ita ake kiran wasu ƙananan bayanai da shafin intanet yake ajiyewa a kwamfutar mai amfani da shi. Sai NELL ta sa waɗannan bayanai a rukunin abincin da ake gasawa. Da ta riƙe wannan, sai ta ga mutane suna cewa sun goge su daga kwamfuta, suna kuma cewa sun goge fayil, saboda haka ta yanke cewa fayil ma abin gashi ne. Kuskure ɗaya ya haifi wani, sai da mutane suka sa hannu suka gyara. Abin lura a nan shi ne, na'urar ba ta da wata hanyar tabbatar da gaskiya in ban da yawan maimaituwar magana. Abin da aka faɗa sau dubu shi ne gaskiya a wurinta, abin da aka faɗa sau ɗaya abin shakka ne, abin da ba a rubuta ba kuwa babu shi ke nan.

Rumbun shafunan da NELL ta dogara da shi, wato ClueWeb09, ya ƙunshi harsuna goma, kuma babu Hausa a cikinsu. Ɓangaren Turanci ta karanta. Haka abin yake ga sauran ayyukan wannan zamani, irin su TextRunner na Jami'ar Washington, da DBpedia wanda aka fara a 2007 ta hanyar tsamo bayanai daga Wikipedia, da rumbun sani na Google na 2012. Duk abin da suka sani game da ƙasar Hausa, daga bakin Turanci suka ji shi.

2.3 Shigar Hausa

Hausa ba ta rasa rubutu ba. An daɗe ana rubuta ta da ajami, an buga ƙamusun Bargery a 1934, an fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Matsalar ita ce mafi yawan wannan dukiya tana kan takarda ne ko ta bi iska a rediyo. Da aka zo zamanin kwamfuta kuma sai haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, suka zama tarnaƙi, domin allon bugun da aka shigo da shi ba shi da su. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro wa kwamfuta waɗannan haruffa a shekarun 1990. Duk da haka, har yau yawancin masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya. Mutum yakan gane daga zancen ko "kafa" ake nufi ko "ƙafa", ko "bata" ko "ɓata". Ita kuwa na'ura sai ta ga misalai masu yawan gaske kafin ta bambance, alhali misalan ne babu.

A watan Disamba na 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da manhajarsa take fassarawa, tare da Ibo da Yarbanci da Somaliyanci da Zulu. Daga 2017 zuwa 2018 aka sami babban sauyi a fasahar kanta. Maimakon na'ura ta riƙa ajiye bayanai a jere kamar yadda NELL take yi, sai aka koma horar da ita ta hanyar ɓoye kalma a jimla a ce ta cinko, ana maimaita haka sau biliyoyi har tsarin harshen da bayanan da ke cikinsa su zauna mata. A 2018 Google ya fitar da irin wannan manhaja mai harsuna fiye da 100, aka zaɓi harsunan bisa girman Wikipedia ɗinsu. Swahili da Yarbanci sun shiga, Hausa ba ta shiga ba, duk da miliyoyin masu magana da ita, saboda a lokacin maƙalun Wikipedia ta Hausa ba su taka kara sun karya ba. Wannan ya nuna cewa yawan masu magana da harshe daban, yawan abin da suka ajiye a inda na'ura za ta gani daban.

A 2019 masu bincike na kamfanin Facebook suka fitar da XLM-R, wadda aka horar da rubutun da ƙungiyar Common Crawl take kwasowa daga yanar gizo. A nan Hausa ta samu shiga, amma rabonta bai wuce kashi uku cikin goma na gigabait ɗaya ba, alhali na Turanci ya kai gigabait 300. Wato a duk inda na'urar ta karanta shafi ɗaya na Hausa, ta karanta kimanin dubu na Turanci. Ingancin abin da ake kwasowar ma abin dubawa ne. Wani nazari da Julia Kreutzer da tarin abokan aikinta suka buga a 2022 ya duba samfuri daga rumbuna 205 na harsuna daban-daban, ya gano cewa aƙalla 15 daga cikinsu babu rubutu mai amfani ko kaɗan, wasu kuma an yi musu laƙabi da harshen da ba shi ne a ciki ba.

Wannan giɓi ne ya sa 'yan Afirka suka tashi da kansu. An kafa ƙungiyar Masakhane a 2019. A 2021 ta fitar da MasakhaNER, wani rumbu na harsuna goma da aka yi wa sunayen mutane da wurare da hukumomi alama da hannu, kuma ɓangarensa na Hausa daga labaran Muryar Amurka aka ɗebo shi. A shekarar ne kuma aka fitar da AfriBERTa a Jami'ar Waterloo ta Kanada, wadda aka horar da harsunan Afirka 11, galibi daga labaran BBC. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ya jagoranci aikin NaijaSenti, inda aka tattara gajerun saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane harshe da Hausa da Ibo da Yarbanci, da wasu ƙasa da haka da Turancin Buroka, mutane suka zauna suka tantance wanda ke nuna yabo da wanda ke nuna suka. Waɗannan ayyuka sun cancanci yabo ƙwarai. Sai dai idan aka duba tushensu za a ga Hausar da na'ura ta fi sha ita ce ta gidajen rediyon ƙetare, sai ta fassarar littattafan addini, sai ta matasan birni masu Twitter. Hausar labarai kuwa fassara ce mafi yawanta, kuma ta fi ba da labarin Abuja da Gabas ta Tsakiya a kan labarin Gagarawa.

2.4 Gumel a Idon Na'ura

Idan aka tattara abin da ke yanar gizo game da tarihin Gumel, za a tarar kusan zance ɗaya ne ake ta juyawa: an kafa masarautar wajen shekarar 1750 a hannun Ɗan Juma da mabiyansa Mangawa; ta kasance ƙarƙashin inuwar Barno; ba ta shiga daular Sakkwato ba bayan jihadi; an taso da hedikwatarta daga Tumbi zuwa Gumel a ƙarni na 19; ta yi yaƙe-yaƙe da maƙwabtanta, musamman Haɗeja da Damagaram; ta shiga hannun Turawa a 1903. Wannan taƙaitaccen bayani ya gangaro ne daga rubutun Turawa, irin su kundin Lardin Kano da W. F. Gowers ya tsara a 1921, da littafin Hogben da Kirk-Greene kan masarautun Arewa na 1966, sannan kundayen sani na Turanci suka taƙaita, shafuna suka kwafa daga juna. Ga na'urar da ke auna gaskiya da yawan maimaituwa, shafi hamsin da suka faɗi magana ɗaya shaidu hamsin ne. Ga mai nazarin tarihi kuwa shaida ɗaya ce aka kwafa sau hamsin. Idan akwai kuskure a tushen, to ya sami gindin zama.

Bayani mafi tsawo kuma mafi rai da na'ura za ta iya karantawa kyauta game da Gumel ta dā shi ne na Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani da Abdulkarim. Ya sauka a Gumel a watan Maris na 1851 a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya bayyana ta a matsayin babbar kasuwar kanwa, ya sake bi ta garin a ƙarshen 1854 ya tarar rikici ya rage mata armashi. An buga littafinsa a 1857 zuwa 1858, kuma da yake ya tsufa har ya fita daga haƙƙin mallaka, an ɗora shi a yanar gizo cikakke. Ba a raina aikin Barth, domin mutum ne mai lura. Amma baƙo ne da ya yi 'yan kwanaki, ya ga abin da matafiyi yake gani. Abin mamaki shi ne, a wurin na'ura muryarsa ta fi ta dukkan marokan fada da masu kirari da dattawan da suka riƙe jerin sarakunan Lautai a ka, saboda shi an buga nasa, su kuwa ba a buga ba. Ko sunan garin ma da baƙi biyu ya rubuta shi, wato Gummel, abin da zai iya sa na'ura ta ɗauke shi wani wuri dabam, ko ta haɗa shi da Gummi ta Jihar Zamfara.

Sunayen yankin su kansu tarko ne irin wanda NELL ta faɗa. Sule Tankarkar sunan gari ne da ƙaramar hukuma, amma kalmar farko sunan mutum ce da ta cika ƙasar Hausa, don haka manhajar da ta koyi cewa duk abin da ya fara da "Sule" mutum ne za ta sa garin a rukunin mutane. Maigatari, garin kan iyaka mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis, idan aka raba rubutunsa ya zama "mai gatari", sai ya koma mutum riƙe da makami. Kalmar "Mai" kuwa, wadda sarauta ce da aka gada daga Barno, a rubuce ba ta da bambanci da "mai" na mallaka ko "mai" na girki da na mota, tun da rubutun boko ba ya nuna karin sauti. Haka kuma Gumel sunan gari ne, amma ɗabi'ar Hausawa ta ɗaukar sunan gari a makaranta ta sa ya zama sunan mutane da yawa, kamar masanin lissafin nan Farfesa Abba Gumel da ke koyarwa a Amurka. Na'urar da ba ta san wannan ɗabi'a ba za ta iya cakuɗa labarin mutum da na gari.

Ba za a ce Jigawa ta makara wajen rungumar kwamfuta ba. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, jihar ta yi suna wajen kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure da shimfiɗa hanyoyin intanet, wayar salula kuma ta shigo Nijeriya a 2001. A yau mutanen Gumel da Maigatari suna rubutu da Hausa fiye da kowane lokaci a tarihi. Sai dai a ina? A zaurukan WhatsApp da shafunan Facebook, inda manhajojin da ke kwasar rubutu a fili ba sa iya shiga, da yawa kuma saƙon murya ne. Cinikin raƙuma da shanu da ake ƙullawa tsakanin dillalan Maigatari da fataken Nijar, da kalmomin da ake amfani da su a kara, da sunayen irin gero da na riɗi da manoman Gagarawa suka sani, duk suna yawo a waya, amma ba su zama rubutun da na'ura za ta koya daga gare shi ba. Karin harshen yankin ma haka, domin Hausar da ke shafunan labarai daidaitacciya ce wadda aka gina a kan Kananci.

2.5 Na'ura Tana Karanta Abin da Na'ura Ta Rubuta

Tun daga watan Nuwamba na 2022 da aka fito da ChatGPT, wata sabuwar matsala ta ƙara fitowa. Irin waɗannan manhajoji ba sa nuna makin amincewa kamar NELL, kuma an gina su ne su samar da jimla mai daɗin karantawa. Idan aka tambaye su abin da karatunsu bai kai ba, kamar jerin hakiman wata gunduma, suna iya jero sunaye masu kama da na gaske cikin Hausa mai santsi. Ɗalibin da bai san tarihin ba ba shi da yadda zai gane. Idan ya kwafa ya ɗora a shafi, gobe wata na'urar za ta karanta ta ɗauka shaida ce.

An ga makamancin wannan a wani harshen. A 2020 aka gano cewa wani matashi Ba'amurke da bai iya harshen Scots ba shi ne ya rubuta dubban maƙalu a Wikipedia ta wannan harshe, yana canza rubutun kalmomin Turanci kawai, aka kuwa yi shekaru ba a lura ba. Wikipedia ta Hausa ta bunƙasa ƙwarai a 'yan shekarun nan ta hanyar ƙoƙarin matasa 'yan sa-kai, kuma wannan abin farin ciki ne. Amma maƙalu da yawa fassara ce daga Turanci, wasu da taimakon na'urar fassara ba tare da cikakken gyara ba. Idan maƙalar Gumel ta Hausa fassarar ta Turanci ce, ita kuma ta Turancin daga kundin Turawan mulki ta samo asali, to bayanin ya zagaya ne kawai ya dawo gida cikin rigar Hausa, ba tare da Bagumale ko ɗaya ya ƙara masa komai ba.

Abin da zai cike giɓin yana nan, sai dai ba a inda na'ura take dubawa ba. Akwai fayilolin Lardin Kano a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, akwai takardu a Gidan Arewa, akwai wasiƙu da waƙoƙin ajami a hannun malamai. Jami'ar Boston ta ɗauki hotunan rubuce-rubucen ajami na Hausa ta ɗora a yanar gizo, amma hoto ne, sai an sami mai juya shi zuwa rubutun da kwamfuta take ganewa. Sannan akwai kundayen digiri da na shaidar malanta da ɗalibai suka rubuta a Kano da Zariya da Sakkwato da Kwalejin Ilimi ta Gumel, waɗanda da yawansu hira ce da dattawan da yanzu ba sa raye. Na shekarun 1980 da 1990 da tafireta aka buga su, kofi uku ko huɗu, ɗalibi ya bi da biro yana sa wa kowace ɓ da ɗ da ƙ ƙugiyarta da hannu. Manhajar da ke karanta hoton shafi takan ɗauki irin wannan ƙugiya a matsayin datti ta share, ko ta mayar da harafin wani abu dabam, saboda haka ko an ɗauki hoton kundin sai an sami wanda ya iya Hausa ya zauna ya bi shi layi-layi.